Uku Ko Shida

Tawa, Lahadi 15 ga Yuni

Zuwa ga kawuna, Malam Yahaya, a Takanamat.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Jummai da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Yaya jiran ruwa? An ce kun samu yayyafi ranar Alhamis amma bai kai na shuka ba. Allah ya kawo mai albarka. Naman layya da Inna ta aiko ya iso, na gode ƙwarai.

Kawu, da kunnenka yana jin waya da tun shekaranjiya na kira ka. To ko da yana ji, maganar nan sai an rubuta an zana. Shi ya sa na ba Isa direba takardar nan, na ce ya damƙa maka hannu da hannu.

Ka san mun gama jarrabawar ƙarshen shekara ta ƴan aji ɗaya, masu koyon aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Ni ke gyaran takardun shimi, wato ilimin sinadarai, guda talatin da huɗu. Tambaya ta biyar daga fasikil ɗinka na ɗauko ta, ɗan littafin darasin da ka rubuta wa makarantarmu kafin ka yi ritaya, shafi na arba'in da ɗaya: a faɗi kowardinansin nikel a cikin [Ni(en)₃]²⁺. Wato abin da kake kira mana "adadin kamu", wurare nawa aka kama ƙwayar ƙarfen da ke tsakiya. Fasikil ya ce uku. Ni ma uku na rubuta musu a tablo, allon aji, cikin watan Afrilu, uku kuma na sa a korije, takardar amsoshin da ake gyara da ita.

Ɗalibai talatin da uku sun rubuta uku. Yarinya ɗaya, Rukaiya, ta rubuta shida. Har na ɗaga biro zan soke, sai na ga ta yi zane a ƙasa. Ta zana etilandiyamin, wato en ɗin, da ƙwayar azot (naitirojin) ɗaya a wannan baki, azot ɗaya a wancan baki, kowanne da kibiya zuwa ga nikel. Ta rubuta: "Ligan uku ne, amma kowanne da wuri biyu yake kamawa. Uku sau biyu, shida."

Kawu, sai na ajiye biron. Haka aka koya mana a jami'a a Yamai, na tuna sarai: ba ligan, wato masu kamun, ake ƙirgawa ba, ƙwayoyin da suka taɓa ƙarfen ake ƙirgawa. Na sani, amma ranar da na koyar da darasin ban tsaya na yi tunani ba. Na ga rubutunka ne kawai na kwafa.

Ga inda abin ya fi damuna. Rukaiya ta riga ta maimaita ajin nan sau ɗaya, mahaifiyarta ta yi dogon ciwo bara. In ta sake faɗuwa, kora ce. Na lissafa sakamakonta na duk darussa: kaɗan ya rage ta kai goma bisa ashirin da ake hayewa da shi, kuma maki biyun tambayar nan sun isa su haye da ita. In na bi korije, ta tafi gida. In na ba ta, na ce fasikil ya yi kure, kuma sunanka ne a bangonsa.

Malamai za su zauna konsai, taron yanke sakamako, ranar Litinin 30 ga wata. Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Ina roƙonka ka duba shafin nan, wataƙila akwai abin da ni ban gano ba. Wallahi zan fi kowa murna in ni ce na ruɗe.

Ka gaida Inna. Ka yafe mini in na yi rashin kunya.

Ɗiyarka,
Shamsiya

*

Takanamat, Laraba 18 ga Yuni

Zuwa ga ɗiyata Shamsiya.

Wa alaikumus salam. Muna lahiya lau, ƙahwa ta yi sauƙi. Ruwa har yanzu shiru, amma mutane sun hwara binne iri a busasshiyar ƙasa. Ni ban yarda da wanga ba, sai na ga laima.

Na karanta takardarki sau biyu. Shamsiya, shekara talatin da ɗaya na yi riƙe da alli. Wanga fasikil shekara goma sha biyu ana karatu da shi a makarantarku. Waɗanda sunka karanta shi, yau suna labo a Tawa, da Abalak, da Ƙonni, wasu har Yamai. Malamai nawa sunka koyar da shi kahin ke? Duk ba su gani ba sai ɗiyar da ta maimaita aji?

Ƙa'ida a bayyane take, kuma ita anka koya muna: ki buɗe baka, ki ƙirga abin da ke kewaye da ƙarhe. Jan ƙarhe da amoniyak huɗu, huɗu. Azurhwa da amoniyak biyu, biyu. Baƙin ƙarhe da siyanir shida, shida. Nikel da en uku, uku. Ina wahala a nan? Yaran yanzu suna buɗe waya su ga abu, su zo su ruɗa malaminsu da shi.

Sannan ki yi wa kanki tunani. Ke ƴar kwantaragi ce, shekararki ta hwarko. Ni na tahi da ƙahwata wajen darakta Zubairu na ce mishi ya ɗauke ki, na ce na tsaya miki. In kinka shiga konsai kinka ce littahin makaranta kure ne, wa zai tsaya miki kuma? Korije anka ba ki ko ke kinka rubuta shi, duk ɗaya, an sa mishi hannu. Ki bi shi. Tausayi daban, gyaran jarrabawa daban. In ɗiyar ta hwaɗi, ba ke kinka kada ta ba, ai darasi goma sha ɗaya gare su, ba shimi kaɗai ba.

Ban ji haushinki ba. Amma na so a ce kin yi shekara biyar tukuna kahin ki hwara gyara wa manya rubutu.

Jummai tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Kawunki,
Yahaya

Ƙari: wanga zane da kinka ce ta yi, ki kwahe mini shi yadda yake, da kibiyoyin. Ba don komi ba, ina son in ga inda ta ɓata.

*

Tawa, Asabar 21 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Yahaya.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Takardarka ta same ni ranar Alhamis, na karanta ta a tsaye a tasha, na dawo gida a ƙasa don ban ma tuna da kabu-kabu ba.

Ga zanen na kwafa a bayan takardar nan, ban ƙara ban rage ba.

Kawu, na yi ƙoƙari in bi maganarka. Na ɗauko takardar Rukaiya na ajiye gabana, hannuna ya ƙi. Sai na je wajen Dokta Amina, mai koyar da ilimin magunguna, na ari littattafai biyu, ban gaya mata dalili ba. Duka biyun shida suka ce. Misalan da ka kawo daidai suke, domin amoniyak da siyanir da wuri ɗaya suke kamawa, ƙirga su da ƙirga wuraren kamu duk ɗaya ne. En ne ya bambanta.

Jiya Juma'a bayan la'asar na shiga labo ni kaɗai. Akwai tsohuwar kwalbar en a kabad, da gishirin nikel. Na narka shi a ruwa, ya yi kore. Fasikil ɗinka da kansa, shafi na talatin da tara, ya ce a nan ƙwayoyin ruwa shida ke riƙe da nikel. Na zuba awo ɗaya na en, ya koma shuɗi mai haske. Na biyu, shuɗin ya yi duhu. Na uku, ya zama shunayya. Na ƙara na huɗu, na biyar, launi bai motsa ba. Uku sun cike gurbin shida, babu sauran wuri. Na zauna ina kallon kwalbar har mai gadi ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Akwai abin da na ɓoye maka a takardar farko. Ranar da na koyar da darasin, Rukaiya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Madam, ba azot biyu gare shi ba?" Ana zafi, lokaci ya ƙure, ƴan baya suna surutu. Na ce, "Haka yake a fasikil, zauna." Ta zauna. Duk da haka ranar jarrabawa ta rubuta abin da ta gani daidai, ta san kuma ni zan gyara.

Yau da safe na je ofishin darakta. Na san ka hana, ka yafe mini. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "In shida ne daidai, to su talatin da ukun fa? A cire musu maki biyu?"

Na ce ban yi tunanin nan ba.

Ya jawo takardar sakamako ya bi da yatsa. Ya ce, "Shida daga cikinsu za su faɗo ƙasa da goma. Ki ceci ɗaya ki kada shida, a kan abin da ke da bakinki kika koya musu. Iyayensu za su cika mini ofis. Daga nan magana ta kai ga masu sa ido, a ce shekara goma sha biyu muna koyar da kure. Kin san makaranta mai zaman kanta da sunanta take rayuwa?"

Na ce, "Amma Mushe Darakta, yarinyar ita ce da gaskiya."

Ya ce, "Ban ce ba ta da ita ba. Mushe Yahaya malamina ne, shi ya koya mini riƙe alli. Ba zan tsaya gaban konsai in tozarta shi yana raye ba. Ki bi korije, baɗi mu gyara shafin shiru." Da zan fita ya ƙara da cewa, "Takardun kwantaragin baɗi suna kan teburina, ban sa hannu ba tukuna." Bai ɗaga murya ba, har ruwan sanyi ya ba ni.

Ina fitowa na haɗu da Rukaiya a bakin ƙofar makaranta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Madam, yaushe za a kafe sakamako? Babana yana tambaya ko ya nemo mini wurin koyon ɗinki." Na ce ta yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Ban iya kallon idonta ba.

Kwana tara ya rage. Ban sa maki a takardarta ba, ban kuma taɓa na sauran ba. Kawu, kai ka raine ni tun rasuwar Baba, ban taɓa yin abu ka ce a'a na wuce ba. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ɗiyarka,
Shamsiya

*

Tawa, Laraba 25 ga Yuni

Zuwa ga Inna Jummai.

Assalamu alaikum Inna, ina gaisuwa. Yaya gida, yaya awaki?

Inna, lafiya Kawu? Sau biyu Isa direba yana zuwa Tawa hannu wofi. Ya ce ya ba shi takardata ranar Asabar, ya karɓa, da ya koma neman amsa kuma aka ce ba ya nan. Na kira wayarki ba ta shiga.

In fushi yake da ni, ki gaya mini gaskiya. In ciwo ne, kada ki ɓoye, zan bar komai in taho. Na san hawan jininsa, kuma na san abin da na rubuta masa ba mai daɗi ba ne. Tun ranar nake cewa da ma ban aika ba.

Don Allah ki ba Isa ko layi biyu ne, gobe.

Ɗiyarki,
Shamsiya

*

Takanamat, Alhamis

Shamsiya ɗiyata,

Ina amsawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, na karatun manya ne. Waya ta lalace tun sallah.

Ba ciwo ba ne, ki kwantar da hankalinki. Yana shan maganinshi, ni ka ba shi. Amma ba daidai yake ba.

Ranar da takardarki taz zo, yak karanta, yaj juya bayanta yana kallon wani zane har tuwo yay yi sanyi. Wanshekare yas sa anka jawo mishi akwatin ƙarhe daga ƙarƙashin gado, wanda gara ta ci gindinshi. Yah hidda littattahai duk a tsakar gida. Yas samu wani mai jan bango, yab buɗe, yaz zauna da shi. Nic ce, "Malam, mi ya hwaru?" Yac ce, "Jummai, bar ni." Shekara talatin da huɗu muna tare, bai taɓa ce mini bar ni ba.

An yi ruwa ranar Litinin, ruwan shuka sosai. Kowa ya tahi gona, shi bai tahi ba. Mutumin da ke ƙirga hadari tun watan jiya. Ni da maƙwabta munka shuka mishi.

Jiya da sahe yas sa babbar riga, yah hau bayan babur, yac ce za shi Affala. Da wagga ƙahwa. Nic ce wajen wa, bai amsa ba, ko bai ji ba ko ya yi kamar bai ji ba. Sai la'asar yad dawo, da ƙullin irin wake a hannu da wani guntun kwali. Tun sannan yana rubutu yana yagewa.

Ban san mi kinka rubuta mishi ba. Amma ba hushi yake da ke ba, don ya tambaye ni ko an ji labarinki. In da hushi ne ba ya tambaya.

Ki ci abinci.

Innarki Jummai

*

Takanamat, Asabar 28 ga Yuni

Zuwa ga ɗiyata Shamsiya.

Assalamu alaikum. Ina lahiya. Ki yahe mini shirun da na yi, na san na bar ki cikin zullumi.

Shida ne. Ɗiyar ta yi daidai, ke ma kin yi daidai. Wanga shi ne mai sauƙin hwaɗi. Saura ki karanta a zaune.

Ba yau na sani ba. Shekarar da anka buga fasikil, akwai wani ɗalibi, Almustafa, ɗan wajen Affala, dogo, mai in'ina. Ya same ni bayan darasi da zane irin wanga da kinka aiko, har kibiyoyin. Na yi mishi tsawa gaban abokanshi, na ce in ya hi ni sani ya zo ya karɓi alli. Da na koma gida abin ya tsaya mini, na buɗe littahina mai jan bango, na ga shi da gaskiya. Na ja layi ƙarƙashin wurin da hannuna. Ranar Lahadi da na hiddo littahin, layin yana nan.

An riga an buga fasikil ɗari biyar, da sunana a bango, an yi mini walima. Na ce bari in an sake bugawa in gyara. Jarrabawa ta zo, ya rubuta shida, na soke. Ya hwaɗi a shekarar, bai dawo ba. Na riƙa gaya wa kaina ba makina kaɗai sunka kada shi ba, ai darussa da yawa ne. Kin ga ita ce maganar da na rubuta miki makon jiya. An sake buga fasikil sau uku ban gyara ba, don gyarawa na nuhin in tuna. A hankali har na manta da gaske. Wallahi ranar da na amsa miki takardar hwarko, da zuciya ɗaya na kare uku. Sai da na ga zanen.

Na tahi Affala na neme shi. Yana da rumhwa a kasuwa, yana saida iri da takin zamani da maganin ƙwari, da ɗiya huɗu. Ya gane ni tun daga nesa, ya taso ya kama mini hannu, ya ba ni kujerarshi. Na ce mishi, "Almustafa, na zo kan wata tambaya ta shimi, shekara goma sha biyu da sunka wuce. Ban sani ba ko ka tuna." Ya yi magana, ban ji ba. Ya sake, ban ji ba, kasuwa ta cika. Sai ya yagi kwali ya rubuta mini da biro: "Shida." Na ce, "Kai ke da gaskiya, kuma na sani tun a lokacin." Ya jawo kwalin. Ya sake rubutawa a ƙasa: "Na san ka sani, Mushe."

Na roƙe shi gahwara. Ya sa anka kawo mini shayi, ya auna mini irin wake ya ƙi karɓar komi, ya raka ni har wajen babur. Ya yi wata magana da za mu rabu, bakinshi na gani yana motsi, ban ji ba, kuma kunya ta hana ni in ce ya rubuta. Har yanzu ban san mi ya ce ba.

Yanzu ga abin da za a yi. Cikin ambulan ɗin nan akwai takarda ta biyu, da Faransanci, zuwa ga konsai, na sa hannu. Na ce kuren nawa ne. Na roƙi a ba Rukaiya makinta cikakke don ta yi daidai, kuma kada a taɓa na sauran, don sun rubuta abin da makaranta ta koya musu, ba a kama yaro da laihin littahi. Na roƙi a janye shahin, a sake koya musu darasin da an koma. Kada ki ba Zubairu ita a ofis, zai sa ta a aljihu don ya ruhwa mini asiri. Ki miƙa ta a zaman, gaban kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, yana iya jin kin ƙetare shi, kuma ni yanzu ba ni da bakin da zan tsaya miki. In kinka ga ba ki iyawa, ki aiko Isa ya gaya mini gobe, in hau mota in zo in karanta ta da kaina.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Yahaya

*

Tawa, Talata 1 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Yahaya.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan shuka ta tsiro. Na karanta takardarka a zaune kamar yadda ka ce. Ba ni da abin da zan faɗa a kan Almustafa yanzu, sai mun haɗu.

An yi zaman jiya, mu goma sha huɗu. Da aka zo kan aji ɗaya na ɗaga hannu, na ce akwai saƙo daga Mushe Yahaya. Darakta ya dube ni, ya dubi ambulan. Na ɗauka zai ce a bari sai an tashi. Sai ya karɓa ya karanta da kansa, a bayyane. Da ya kai inda ka ce kuren naka ne ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ƙarasa.

An yi gardama fiye da awa ɗaya. Malamin lissafi ya ce tambaya ɗaya ba ta da amsa biyu, a soke ta ga kowa. Na ce in an soke, Rukaiya ba ta haye ba, ita da ta yi daidai. Dokta Amina ta tashi ta je tablo ta zana en ɗin, ta ce, "Kullum yaran nan suna ɗibar jini a kwalba mai maganin hana daskarewa, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke kama kalsiyom ta wuri shida. In ba su gane wannan ba, me muke koya musu?" Wani ya tambaya wa ya koyar da darasin bana. Na ce ni ce, kuma yarinyar ta tambaye ni a aji na ce ta zauna. Na ce a rubuta haka a takardar zaman. An rubuta.

A ƙarshe an bi shawararka, mutum tara suka yarda. Rukaiya ta haye, shidan nan ma ba wanda ya faɗi. Yau da safe aka kafe sakamako. Na hango ta daga taga tana bin sunaye da yatsa tun daga ƙasa. Da ta ga nata sai ta zauna a ƙasa wurin, ƙawayenta suna jan ta. Ba ta san komai ba game da abin da ya faru.

Darakta bai yi mini magana ba bayan zaman. Yau na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Na tambayi sakatariya batun kwantaragi, ta ce ya ce sai Oktoba. Ban san yadda za ta kasance ba, amma ina cin abinci, ka gaya wa Inna.

Kawu, akwai wani abu kuma. Konsai ya ce in rubuta gyaran shafin, sai na bi sauran babin da littattafan Dokta Amina a gefe. Shafi na arba'in da huɗu, misalin baƙin ƙarfe da ogzalat, ina jin shi ma haka ne. Da wani wuri a shafi na hamsin da takwas da ban tabbata ba. Na yi ta juya ko in faɗa maka ko in bari ka huta.

Ɗiyarka,
Shamsiya

*

Takanamat, Alhamis 3 ga Yuli

Ɗiyata Shamsiya,

Alhamdu lillahi. Gero ya tsiro, wake ma na shuka shi.

Na duba arba'in da huɗu, kure ne. Hamsin da takwas ni ke da gaskiya, ki zo in nuna miki. Ki taho ranar Asabar da fasikil ɗin duka da littattahan likitar, mu bi shi tun daga shahin hwarko. In iyayen Rukaiya sun yarda, ki zo da ita. Jummai ta ce akwai wurin kwana.

Kawunki,
Yahaya